Rigar Ɗan Ganuwa

Malam Gwadabe Isiyaku shekarunsa sittin da takwas. Mai rubuta allunan shaguna ne, haifaffen unguwar Zaitawa, kuma har yau a gidan da aka haife shi yake zaune, shi da matarsa Sa'ida. 'Ya'yansu huɗu duk sun yi aure sun bar gida. Bara ya ajiye burushi, domin idonsa na hagu ya mutu, na dama kuma saura kaɗan. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma abin da ya riga ya tafi ba ya dawowa. Shi Malam Gwadabe yana kwatanta ganin da ya rage masa da mutumin da ke leƙen tsakar gida ta ramin makulli. Abin da ya zo daidai ramin zai gan shi, in da rana sosai, sauran duniya kuwa babu.

Tun da likita ya gaya masa haka, abu ɗaya ya sa a gaba. Yana so ya ga Ɗan Ganuwa da launi, a kan takarda, kafin ramin ya toshe.

Ɗan Ganuwa jarumin littafin katun ne, irin masu tashi sama su ceci mutane. Malam Gwadabe ne ya ƙirƙire shi tun yana saurayi, kuma ya shafe fiye da shekara arba'in yana zana shi da baƙar tawada a farar takarda. Bai taɓa fitowa da launi ba.

Asalin jarumin mahaifinsa ne, Malam Isiyaku, wanda marini ne a wani karofi da tuni aka cike ramukansa aka yi gine-gine a kai. Malam Isiyaku yana da riga guda ta fita Juma'a da Salla, wadda a gidan ba a kiranta da wani suna sai kore. A bakin marina, kore ba launin ganye ba ne. Babbar riga ce da aka yi ta tsomawa a ruwan baba har shuɗinta ya wuce shuɗi ya kusa zama baƙi, sannan aka shafa mata shuni aka kai wa mabuga, suka yi ta dukanta a kan gungume har ta ɗauki ƙyalli kamar ƙarfe. In mai ita ya motsa a rana, sai ka ga wani ja-ja yana gudu a cikin baƙin. Tana zuba a wuya da hannu, kuma masu ita ba sa jin kunyar hakan. Launin ganye kuwa, a gidan Malam Isiyaku tsanwa ake ce masa, ko algashi.

Yana da shekara bakwai, wata Juma'a da damina, Gwadabe ya zame ya faɗa kududdufin bayan unguwa. Gaɓar ta yi santsi, duk inda ya kama sai ya suɓuce. Mahaifinsa na dawowa daga masallaci ya ji ihun yara, ya zo ya warware rawaninsa ya jefa masa, ya jawo shi.

"Ban tuna fuskarsa a ranar ba," in ji Malam Gwadabe. "Rigar na tuna. Ina ƙasa ina shan ruwa, duk ɗaga kan da zan yi sai in ga wani abu yana walƙiya tsakanina da sama."

Ya ce da suka isa gida ya sha bulala, kuma an yi kwanaki ba a bar shi ya leƙa ƙofar gida ba.

Littattafan katun na Turawa ya fara cin karo da su ne a kasuwar Kurmi, wajen wani mai sayar wa masu ƙosai da masu tsire tsofaffin jaridu na ƙunshi. A cikin jaridun akan samu yagaggun shafuka masu hotuna, wani babu farko, wani babu ƙarshe. Turancinsa a lokacin bai kai ya karanta ba, don haka launi ya koya. Ya lura jarumi kusan kullum ja yake sawa da shuɗi mai haske da rawaya. Ya lura in ka ga mutum cikin tsanwa da shunayya, ko cikin baƙaƙen kaya, to shi ne mugun, ko da yana murmushi. Sai daga baya wani tsohon ma'aikacin maɗaba'a ya gaya masa dalilin da shi ya sani. Injin yana da tawada huɗu ne kawai, takardar kuma mai arha ce. Ja da shuɗi da rawaya su suka fi fitowa tas su ja ido, sai aka ba jarumi. Abin da ya saura aka bar wa miyagu, har abin ya zama al'ada, ana yi ko injin ya canza.

Abokinsa tun makarantar allo, Muttaka, wanda yanzu tela ne a Jakara, bai taɓa ganin mutuncin waɗannan jarumai ba. Yakan ce mutumin da ya sa kamfai a kan wando ya fito titi, ko ya ceci gari guda ba zai ba shi 'yarsa ba. Yakan ce kayan nasu ba ɗinki ba ne, fenti ne aka shafa musu a jiki. Gwadabe ya ɗauki wannan zolaya da gaske. Da ya tashi yin nasa jarumin, sai ya bi kayan Turawan ɗaya bayan ɗaya yana neman abin da zai maye gurbinsu a gida. Mayafin da ke kaɗawa a bayansu, babbar riga ta fi shi kaɗawa. Abin rufe fuska, ga amawali. Tambarin ƙirji, ga aikin aska biyu a aljihun riga. Makami kuwa rawani ne, wanda Ɗan Ganuwa ke jefawa daga kan ganuwa ya yi tsawon da ake bukata, ya ciro wanda ya faɗa rijiya ko wanda ruwa ya ja. Rigar kuma yakan cika ta da ƙananan layuka na baƙar tawada, ɗaya kan ɗaya, ya bar fari-fari a kafaɗa da gwiwar hannu inda ƙyalli zai kasance.

A shekarun 1980 wata jaridar Hausa ta mako-mako ta riƙa buga masa Ɗan Ganuwa a ƙasan shafin baya, baƙi da fari. Ta yi wasu watanni tana yi. Da aka zo fitowar Salla, wadda za a buga da launi, editan ya kira shi ya ce a sa wa jarumin jar riga, ko fara. Gwadabe ya yi masa bayanin rigar mahaifinsa. Editan ya ce ya gane, amma jarumi ba ya sa duhun kaya, wannan kalar miyagu ce, yara za su ɗauka ɓarawo ne. Gwadabe ya tattara zanensa ya fito. Bai koma ba, jaridar ma ba ta daɗe ba ta rufe.

A lokacin Malam Isiyaku ya riga ya rasu. Wajen rabon gado rigar ta faɗa wa babban wansu, wanda ya sayar wa wani Buzu da ya zo sayen turkuɗi, wato rinannen yadi mai shuni. Hoton Malam Isiyaku guda ɗaya ne a gidan, na katin shaida, daga wuya zuwa sama. Sa'ida ta shigo gidan bayan rasuwarsa, ba ta taɓa ganin rigar ba.

Abin da ya ci da iyalinsa shi ne allo. Kawunan aski a shagunan wanzamai na zamani, kwalaben magani, kofin shayi mai tururi, zakuna da masallatai a bayan manyan motoci. In ka bi ta Jakara zuwa Kurmi har yanzu za ka ga hannunsa a wasu tsofaffin shaguna, fentin ya koɗe amma haruffan a miƙe. Da injinan buga bana, wato manyan ledojin talla, suka zo, aiki ya riƙa raguwa har ya zama sai tsofaffin abokan ciniki. Ɗan Ganuwa kuwa bai daina zana shi ba. Bayan la'asar yakan zauna a zaure ya yi shafi ɗaya ko rabi, ya ajiye a akwatin ƙarfe. Kowa a gidan ya san akwatin, ba wanda ya damu da shi.

Wadda ta damu ita ce Khadijat, 'yar ƙaninsa marigayi Mikail. Shekarunta talatin da ɗaya, tana da aure da 'ya'ya biyu, tana aiki a wani shago inda take tsara katin biki da kalanda da bana a kwamfuta. Malam Gwadabe yakan gaishe ta da cewa ga wadda ta kashe masa kasuwa ta zo, ita kuma ta ce kasuwar da kanta ta tsufa. Ta tashi tana karanta irin waɗannan littattafai a waya, ta san ƙa'idodinsu kamar yadda ya sani, wataƙila ma fiye. Da ta ji maganar likita, sai ta ɗauki shafukan labarin farko ta shigar da su kwamfuta. Akwai wasu matasa masu zane da ke shirin baje kolin littattafansu a cikin gari, kuma wani mai maɗaba'a da suke hulɗa da shagonsu ya yarda ya buga, in an kawo masa aikin da wuri.

Suka zauna a zaure, tana tambaya yana faɗa. Ganuwa jar ƙasa ce, amma ba ja irin na tumatir ba. Ruwan ambaliya launin kunun kanwa. Sama ta yi fari-fari kamar bayan an ɗauke ruwa. A labarin farko babu mugu mai kaya, ruwa ne abokin gaba, don haka ba a zo kan maganar kayan miyagu ba.

"Baba, shi fa? Rigarsa?"

"Kore zai sa."

Khadijat ta ce masa a tsarin wannan sana'ar kalar miyagu ce, yara suna gani za su ɗauka shi ne mugun. Ita launin ganye take nufi. Shi kuwa maganar editan nan ya ji ta dawo, kusan kalma da kalma, daga bakin 'yar ƙaninsa. Sa'ida, wadda ta shigo da kunu a lokacin, ta ce ta daɗe ba ta ga ransa ya ɓaci haka ba.

"Wani ya gaya mini wannan tun ba a haife ki ba," in ji shi. "Kakanki kore yake sawa, kuma ba mugu ba ne. In ba za ki iya ba, mayar mini da takarduna."

Ta ba shi haƙuri. Ta ce tambaya ɗaya ta rage, mai duhu yake so ko mai haske. Ya ce mai ƙyalli.

Khadijat ta ce a hanyar gida ta yi ta tunani har ta ga maganarsa ta yi ma'ana. A nan ai launin ganye ba na miyagu ba ne, shi ne a kan ƙubbar masallatai, shi ne a tutoci. Ta ɗauka tsohon yana so ne ya juya ƙa'idar Turawa a kan kanta, har abin ya burge ta. Ta san kakanta marini ne, amma ba ta taɓa jin an kira wata riga kore ba. Ƙananan layukan da ya cika rigar da su ta ɗauka inuwa ce, irin ta mai zanen da ba shi da launi. Ta zauna ta share su a kwamfuta, hoto bayan hoto, don launin ya fito. Ta ce wannan ne aikin da ya fi cin lokacinta.

Ta kawo masa kwamfutar ya duba, ya ƙi. Hasken gilashin yana sa idonsa ruwa da ciwo, wannan gaskiya ne. Amma ya kuma ce ya jira shekara arba'in ba don ya fara ganin Ɗan Ganuwa a gilashi ba. A takarda zai gan shi, ya riƙe a hannu. Da ta sake kawowa, sai ya ce ta daina ɓata lokaci, idon ba jiranta yake yi ba. Sa'ida ta leƙa ta ce ya yi kyau. Aka kai maɗaba'a.

Ranar da aka kawo littattafan, da hantsi, aka fito masa da kujera ƙofar gida inda rana ta fi bugawa. Muttaka ya rufe shago ya zo. Malam Gwadabe ya karɓi littafin ya shinshina shi, sannan ya ɗaga bangon daidai fuskarsa ya fara motsa shi a hankali, yana bi da ramin ganin da ya rage masa. Ya samu ganuwa, ya ce ta yi. Ya samu ruwa, ya ce shi ne. Ya samu bakin rawani, ya bi shi sama har ya kai hannu, ya kai kafaɗa. Sai ya tsaya.

"Wane ne wannan?"

Muttaka ya karɓi wani kwafi ya duba, ya fashe da dariya. "Kai mai fenti, ka mai da Malam Isiyaku ɗan ƙwallon Najeriya. Saura lamba a baya."

Ya ɗago ya ga fuskar abokinsa, sai dariyar ta tsaya.

Khadijat ta ce kore ya ce, kore ta sa. Muttaka ne ya fara gane inda aka rabu, domin shi ya san rigar, yana yaro ya sha ganinta a sahun Juma'a. Ya yi mata bayani a tsaye, a ƙofar gida, da 'yan kalmomi. Malam Gwadabe ya sake ɗaga bangon daidai fuskarsa. Ya ci gaba da riƙe littafin a rana har Sa'ida ta ce idonsa yana zubar da ruwa, ya shiga ciki.

Bai yi wa Khadijat faɗa ba, a ranar ko bayanta. Abin da ya yi shi ne tambaya. Duk saurayin da ya tsaya gaishe shi a ƙofar gida sai ya ce masa, mene ne kore? Wani ya nuna ganyen dalbejiya. Wani ya nuna ledar da ke hannunsa. Ya sa aka kira masa babban ɗansa a waya, wanda ke aiki a Kaduna, ya yi masa wannan tambaya. Ɗan ya ce, Baba, lafiya dai? Sannan ya ce ai kalar ciyawa ce. Sa'ida ta ce wannan amsar ta fi littafin taɓa shi. Ya ce mata ashe a gidan marini ma ba a bar kalmar ba, kuma shi ne bai bar ta ba.

Lokacin baje kolin ya riga ya zo, babu halin sake bugawa. Khadijat ta so ta janye littafin, ya ce ta kai, mutane sun wahala a kansa. Yara suka saya, suka so shi. A Zaitawa ma an samu waɗanda suka riƙa ɗaura zanen uwarsu a wuya suna jefa igiya daga kan dakali. Ba sa ce masa Ɗan Ganuwa. Mai Koriyar Riga suke cewa. Malam Gwadabe yana zaune yana jinsu.

Gyaran ba shi da wuya, in ji Khadijat, tunda asalin zanen yana nan a akwati da layukansa. Matsalar ita ce ba ta san abin da za ta kwaikwaya ba. Ta nema a waya, ta ga hotuna iri-iri, wani baƙi, wani shuɗi, ba ta san wanne ba ne. Sai Muttaka ya ce akwai wani dattijo a cikin Kurmi da har yanzu yake ajiye wa Buzaye irin waɗannan kaya. Suka tafi su uku, Malam Gwadabe yana dafe da kafaɗar Muttaka a cikin lungunan kasuwa, Muttaka yana mitar cewa tun suna yara shi yake jansa, yanzu dai abin ya fito fili.

Dattijon yana da guda ɗaya, naɗe cikin takarda. Da ya ji labarin ya yarda a fito da ita rana. Ya warware ta a kan hannuwansa biyu. Khadijat ta taɓa, yatsunta suka yi shuɗi. Ta ce ba ta taɓa ganin tufa ta yi haka ba, in dattijon ya motsa hannu sai launin ya canza wuri. Ta ɗauki hoto ya fi a ƙirga, kowanne da abin da ya nuna. Ta ce wa dattijon ita ma sana'arta bugu ce, amma injinsu bai iya wannan bugun ba. Ya yi murmushi ya ce nasu ma masu yi sun kusa ƙarewa.

Malam Gwadabe ya matso. Ya sa fuskarsa kusa, ya ja baya, ya karkata kai. Ya ce a juya ta wajen rana, aka juya. Ya daɗe yana nema.

"Ina ganin hannunsa," in ji shi. "Ina ganin takardar. Tsakaninsu babu komai."

Ya kamo gefen rigar ya kai hancinsa. Ya ce ƙamshin dai shi ne. Suka gode wa dattijon suka fito.

Da aka koma asibiti Khadijat ta tambayi likita. Likita ya ce haka ciwon yake yi wa mutane da yawa, shuɗi yana cikin launukan da ido ke fara rasawa, duhun launi kuma sai ya haɗe da duhun da ke kewaye. Ya ƙara masa maganin ɗigawa, ya ce a rage zama a rana. Wannan Malam Gwadabe bai bi ba.

Duk da haka Khadijat ta yi aikin. Ta mayar da layukansa duka, ta zuba shuɗi mai duhu a ƙarƙashinsu, ta sa ja-ja a inda ya bar fari. Ta yi ta gwadawa tana gogewa. Mai maɗaba'ar ya fitar mata da shafi ɗaya na gwaji a takarda mai kyau, bangon littafin, inda Ɗan Ganuwa ke tsaye a kan ganuwa yana jefa rawani. Ta kawo Zaitawa da hantsi, aka fito da kujera.

Ya samu ganuwa. Ya samu ruwa, amma ya ce ya fi na da dushewa, ko idon ne. Ya bi rawani har hannu. Daga nan sai duhu, kuma ya ce bai san inda rigar ta ƙare duhun idonsa ya fara ba. Ya sake gwadawa washegari, da kuma bayan Juma'a. Abin bai canza ba.

Khadijat ta ce za ta iya ƙara wa shuɗin haske har ya gan shi. Ya tambaye ta ko a nan zai zama kore. Ta ce a'a, zai zama shuɗi irin na kayan makaranta. Ya ce ta bar shi yadda yake.

A cikin 'ya'yan Malam Isiyaku, su biyu suka rage, shi da yayarsa Uwa, wadda ke zaune a Madabo wajen ɗanta. Ta ba shi shekara bakwai, ƙafa ta hana ta fita, amma idonta garau in ta sa tabarau. Ita ce mai ninke rigar tana budurwa, duk Juma'a da yamma, ta mayar da ita cikin takarda ta sa a adaka. Ranar Asabar da ta wuce Malam Gwadabe ya ce a kai shi wajenta. A-daidaita-sahu ya sauke su a bakin lungu, Khadijat ta riƙe masa hannu suka ƙarasa da ƙafa.

Bayan gaisuwa da tambayar jikoki, ya miƙa mata shafin.

"Yaya, idonki na zo aro. Duba mini da kyau. Kada ki ji tausayina, kada ki ji na yarinyar nan."

Uwa ta sa tabarau ta ja jiki zuwa bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallo. Ta ce amawalin ya yi sama da yawa, Baba ba ya rufe hanci haka. Ya ce wannan da gangan ne, jarumi ba a gane fuskarsa. Ta ce to ai ita ta gane. Ta ce ta Baba ta fi wannan ja-ja a kafaɗar dama, inda yake jingina da bango a masallaci, kuma takarda ba ta motsi, rigar kuwa motsi take yi.

"Amma ita ce?" in ji shi.

"In na hango shi daga bakin lungu, zan tashi in ɗora ruwan alwala," in ji Uwa.

Ta cire tabarau ta goge ido da gefen mayafi, ta ce wa Khadijat Allah ya yi mata albarka. Malam Gwadabe ya karɓi shafin ya ɗora a kan gwiwa. Ya ce wa Khadijat ta ƙara ja-jan kafaɗar dama kamar yadda Yaya ta faɗa, sannan a buga.

A hanyar dawowa ta tambaye shi abin da za a yi da ragowar na farkon, akwai kwali guda a shagonsu. Ta ce ita dai ba ta son ganinsu. Ya ce ta raba wa yaran unguwa, sababbin kuma in sun fito ta fara kai wa Madabo. Ta ce shi fa, nawa za ta kawo masa. Ya ce guda ɗaya ya isa, don Sa'ida. Sannan ya ce a cikin masu launin ganyen ta ware masa ɗaya kafin ta raba.

Ta ce, "Baba, wannan ai ba shi ba ne."

Ya ce, "Na sani. Amma shi ne idona ya gani."

Ta kawo masa ranar Litinin. Jiya da hantsi ya sa aka fito da kujera, ya ɗaga bangon daidai fuskarsa, ya fara daga ganuwa.